SOJAN DA YA TONA ASIRI: WA YA CI AMANAR WA?

Zuwa ga sakatarorin rassa da dukan ƴan'uwa na garuruwan kasuwa, daga Tawa har Damagaram. A karanta wannan takarda a taro, sannu a hankali, yadda wanda bai yi boko ba zai ji, ya kuma faɗi ra'ayinsa.

 Akwai wata kalma mai nauyi wadda ta yi arha a bakin mutane, ita ce "maci amana". Da zarar an ji a rediyo cewa wani soja a wata ƙasa ya ɗebi takardun asirin rundunarsu ya miƙa wa ƴan jarida, kafin mai karanta labarai ya rufe baki an riga an yanke masa hukunci a rumfar mai shayi. Wannan ya ce a harbe shi, wancan ya ce ai jarumi ne. A cikinsu kuwa ba wanda ya tambayi abin da ke cikin takardun. Wannan gaggawa muke so mu yi magana a kanta, domin babu reshenmu guda da ba shi da uban soja, ko uwar soja, ko ƙanensa. Ranar da irin wannan shari'a za ta zo ƙofar gidanmu, ya kamata ta tarar da mu da mudun awo a hannu.

Ga ra'ayinmu a taƙaice. Amanar da soja ya ɗauka ta ƙasa ce, da jama'arta, da dokarta. Shugabansa yana da haƙƙin biyayya a kansa muddin shi shugaban yana tsaye cikin wannan doka. Saboda haka ba a kiran soja maci amana sai an duba wane irin asiri ya tona.

ASIRI IRI BIYU NE

Ba mai hankalin da zai ce runduna ta yi aiki ba tare da asiri ba. Hanyar da ayarin motocin soja zai bi, da daren da zai tashi, da yawan harsashin da ya rage a sansani, da sunan mutumin ƙauye da ke kawo labari a ɓoye, duk waɗannan asiri ne da ke tsare rai. Wanda ya fitar da su ya haƙa wa abokansa kabari da hannunsa. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma babu wanda wannan magana ta fi shafa irin mai ɗamara.

Amma akwai asiri na biyu, watau wanda ke rufe laifi. An kashe mutanen da ba su ɗauki makami ba, an rubuta a rahoto cewa abokan gaba ne. An azabtar da fursuna. An cinye kuɗin bindigogi. An ɗaure marar laifi don a kare sunan wani babba. Wannan ba ya tsare ran kowa, rigar mai laifi kawai yake tsarewa.

To, ga inda wuyar take. Hatimi ɗaya ake bugawa a kan takardun nan iri biyu, da tawada ɗaya. Sau da yawa kuma mai riƙe da hatimin shi ne wanda laifin ya shafa. In muka ce duk abin da aka buga wa hatimi haramun ne a buɗe shi har abada, to mun ba kura ajiyar nama ke nan. Duniya ta riga ta yi wannan gardama a kotun Nuremberg ta ƙasar Jamus a 1945 da 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda aka tabbatar cewa faɗin "umurni aka ba ni" ba ya wanke mutum daga kisan zalunci. In biyayya tana da iyaka, lalle rufin asiri ma yana da tasa iyakar.

WASIƘAR LAFTANA PETEAU

Bari mu fara da ƙasarmu, domin mu ma mun taɓa zama asirin da wata runduna ke ɓoyewa. A farkon shekarar 1899 rundunar Faransa ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Cadi, Kaftin Paul Voulet da Kaftin Julien Chanoine suna jan ta. A watan Janairu suka auka wa Sansanin Hausa suka kashe kimanin mutum 100, da mata da yara. Daga nan duk garin da ya hana su hatsi ko ƴan dako, sai wuta da takobi. Shugabannin da ke Paris ba su san rabin abin da ake yi da sunansu ba, domin masu aikata abin su ne masu rubuta rahoto.

A ƙarshen Janairu Voulet ya kori wani hafsa daga rundunar, sunansa Laftana Louis Peteau. A watan Fabrairu wannan hafsa ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa zuwa Faransa, ya zayyana mata irin ta'asar da ya gani. Wasiƙar ta faɗa hannun wani depite, Paul Vigné d'Octon, daga gare shi ta isa ga ministan ƙasashen mallaka. Ranar 20 ga Afrilu gwamnati ta yanke shawarar aika Laftana-kanar Klobb, kumandan Tumbutu, ya bi sawun rundunar ya karɓe shugabanci. Ya yi tafiyar kimanin kilomita 2,000 da ƴan sojoji kaɗan, yana wuce kangayen garuruwa da gawawwaki a rataye a itatuwa.

Amma wasiƙa tafiyar raƙumi take yi, wuta kuwa gudun doki. Kafin Klobb ya iso, an yaƙi Sarauniya a Lugu a watan Afrilu, an ƙone Birnin Ƙonni a watan Mayu. Ranar 14 ga Yuli, a Ɗankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Klobb. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu baƙar fata suka juya musu baki, suka kashe Chanoine, suka kashe Voulet. Kaburburansu suna Maijirgi.

Ku lura da abu biyu. Na farko, Peteau ba waliyyi ba ne. Ya ci tuwon rundunar nan, ya yi tafiya da ita, bai kuwa ɗauki alƙalami ba sai da aka kore shi. Mai yiwuwa ne haushi ya taimaki gaskiyarsa. Duk da haka abin da ya rubuta gaskiya ne, haushin mai shaida kuwa ba ya mai da gawa rayayya. Na biyu, tona asirin bai tsai da mulkin mallaka ba. Sauran rundunar ta ci gaba ta shiga Damagaram a ƙarshen Yuli 1899. A 1900 majalisar Faransa ta ƙi yarda a kafa kwamitin bincike, a 1902 aka rufe maganar, aka ce zafin ƙasar Sudan ne ya haukata hafsoshin biyu. Kakanninmu ba su bukaci wasiƙar wani Nasara ba kafin su san abin da aka yi musu. Amma ba domin ita ba, da an rubuta tafiyar nan a littattafan Faransa a matsayin aikin jarumta tsantsa. To, ƴan'uwa na Ƙonni, ku gaya mana: Peteau da ya faɗa, da hafsoshin da suka gani suka yi shiru, wane ne ya ci amana?

KANAR PICQUART DA MARAR LAIFI

A cikin waɗannan shekaru dai, can birnin Paris, ana wata shari'a da ta raba Faransa gida biyu. A Disamba 1894 kotun soja ta ɗaure Kaftin Alfred Dreyfus, wani hafsa Bayahude, bisa zargin sayar wa Jamus asirin rundunar Faransa. Aka tuɓe masa galan a bainar jama'a, aka kai shi wani tsibiri a gaɓar Amurka ta Kudu. A 1896 sabon shugaban ofishin leƙen asirin soja, Laftana-kanar Georges Picquart, ya gano cewa rubutun da aka ɗaure Dreyfus a kansa na wani hafsa ne dabam, mai suna Esterhazy.

Me ya yi? Ya bi hanyar da aka koya masa, ya kai wa manyansa. Suka umurce shi ya bar maganar, domin buɗe ta zai zubar da mutuncin janar-janar. Da ya ƙi bari, suka jefa shi Tunisiya. A 1897 ya gaya wa wani lauya abokinsa abin da ya sani, daga lauyan magana ta isa ga mataimakin shugaban majalisar dattawa, daga nan ta cika gari. A Janairu 1898 kotun soja ta wanke Esterhazy, marubuci Emile Zola ya buga budaɗɗiyar wasiƙarsa a jarida, mutane suka cika tituna suna zagin Yahudawa da duk mai kare Dreyfus. Picquart kuwa aka kore shi daga soja, aka sa shi kaso kusan shekara guda bisa zargin fitar da takardun asiri. Ɗaya daga cikin ministocin yaƙi da suka tsaya kai da fata kada a sake shari'ar, a ƙarshen 1898, shi ne Janar Chanoine, uban Chanoine ɗin nan da ya ƙone mana garuruwa.

Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Aka gano cewa wani hafsa, Kanar Henry, ya ƙirƙiro takardar jabu don ƙarfafa zargin. Ya amsa laifinsa, ya kashe kansa a kaso a ƙarshen Agusta 1898. Duk da haka dubban mutane suka yi karo-karon kuɗi domin matarsa, suna cewa ƙasa ya yi wa ƙaryar. Sai a Yuli 1906 babbar kotu ta wanke Dreyfus, bayan shekara 12. Aka mai da Picquart soja da muƙamin janar, a watan Oktoba na shekarar ya zama ministan yaƙi. Watau mutumin da aka ɗaure saboda tona asirin runduna shi ne aka ɗora a kan rundunar baki ɗaya. Shi dai bai canja ba. Jama'a ce ta daɗe kafin ta buɗe ido.

YADDA JAMA'A KE KARƁAR MAI FAƊIN GASKIYA

Kada ku ce wannan halin mutanen da ne. Ku dubi Amurka a zamanin iyayenmu da namu. Ranar 16 ga Maris 1968 wata ƙungiyar sojan Amurka ta shiga ƙauyen My Lai a Biyetnam ta karkashe tsofaffi da mata da yara. Rundunar Amurka ta ƙirga 347, mutanen ƙasar sun ƙirga 504. Wani matuƙin jirgi mai saukar ungulu, Hugh Thompson, ya sauke jirginsa tsakanin sojojin ƙasarsa da mutanen da suke kora, ya ceci waɗanda ya iya, ya kai ƙara wurin shugabanninsa. Aka binne ƙarar. Sai a Maris 1969 wani soja da ya gama aiki, Ronald Ridenhour, wanda ya ji labarin daga bakin abokansa, ya rubuta wa ƴan majalisa kimanin 30. Da haka asiri ya tonu.

To, ina jama'a ta karkata? Mutum ɗaya tak aka samu da laifi, Laftana William Calley, a 1971. Da aka yanke masa ɗaurin rai da rai, wasiƙu suka yi ta kwarara fadar shugaban ƙasa, ƙididdigar jin ra'ayi ta nuna kimanin mutum 8 cikin 10 ba su yarda da hukuncin ba. Shugaba Nixon ya sa aka fitar da shi daga kaso, ya yi shekara uku da rabi a tsare a gida, aka sake shi. Thompson kuwa barazanar kisa ya yi ta samu. Sai a 1998, bayan shekara 30, rundunar ta ba shi lambar yabo.

A Janairu 2004 kuma, a gidan kason Abu Ghraib na Iraƙi, wani ɗan sandan soja mai suna Joseph Darby ya ga hotunan yadda abokan aikinsa ke wulaƙanta fursunoni tsirara. Bai kai wa jarida ba. Ya miƙa wa masu binciken laifi na rundunar kanta, yadda doka ta ce. A watan Mayu ministan tsaro Donald Rumsfeld ya ambaci sunansa a gaban majalisa, duniya tana kallo a talabijin. Aka ɗaure jagoran masu laifin, Charles Graner, shekara 10. Amma a garinsu Darby, maƙwabta da suka san shi tun yana yaro suka ce ya sayar da ƴan'uwansa. Sai da aka sa shi da matarsa ƙarƙashin tsaro, bai kuma koma zama garin ba.

Mene ne dalilin wannan? Ba mugunta ce tsantsa ba. Kowane gida yana da ɗa a cikin kaki, in aka zargi runduna sai uwa ta ji kamar ɗanta aka zarga. Manyan da laifi ya shafa sun san wannan sarai. Sai su laɓe bayan kurtun da ke bakin daga, su ce wanda ya taɓa su ya taɓa tutar ƙasa. Da haka talaka yakan tashi ya kare mutumin da ya jefa ɗansa cikin abin kunya, ya jefi wanda ya ƙi shiga.

SHARI'A MAI WUYA

Ba kowace shari'a ce a fili take kamar ta Picquart ko ta Darby ba. Ku ji ta Chelsea Manning, wadda a lokacin ake kira Bradley Manning, ƙaramar ma'aikaciyar leƙen asirin sojan Amurka a wani sansani gabas da Bagadaza. A 2010 ta kwafi takardu fiye da 700,000 daga kwamfutocin runduna ta miƙa wa WikiLeaks. A ciki akwai rahotannin yaƙin Iraƙi kimanin 390,000, da na Afganistan kimanin 90,000, da wasiƙun ofisoshin jakadanci kimanin 250,000.

Akwai kuma wani hoton bidiyo na ranar 12 ga Yuli 2007, inda jirgin yaƙi mai saukar ungulu ya buɗe wuta a kan mutane a wata unguwar Bagadaza. Cikin matattun har da ma'aikatan kamfanin labarai na Reuters guda biyu. Da wata mota ta tsaya ɗaukar wanda ya ji rauni, ita ma aka harbe ta, yara biyu da ke ciki suka jikkata. Reuters ta nemi hoton ta hanyar doka, ba a ba ta ba. Rundunar ta bincika kanta ta ce an bi ƙa'ida. Daga rahotannin Iraƙi kuma, masu ƙirgar mamata suka gano farar hula kimanin 15,000 da ba a taɓa sanin mutuwarsu ba.

Aka kama Manning a Mayu 2010. A 2013 alƙaliyar soja ta wanke ta daga laifin taimakon abokan gaba, ta same ta da laifin karya dokar leƙen asiri ta 1917, ta yanke mata shekara 35. Shugaba Obama ya rage hukuncin a Janairu 2017, aka sake ta a watan Mayu bayan shekara 7.

Ga abin da muka gani. A kan hoton Bagadaza da ƙirgen mamata, Manning ta yi daidai, domin asirin rufe laifi ne, kuma iyalan mamatan suna da haƙƙin sani. Amma babu ɗan Adam da zai karanta takarda 700,000 ya san abin da ke cikin kowace. A cikin rahotannin Afganistan akwai sunayen mutanen ƙauye da suka yi magana da sojan Amurka. Janar ɗin da ya shugabanci binciken ɓarnar ya shaida wa kotu cewa ba su tabbatar da mutum guda da aka kashe saboda takardun ba. Madalla, amma sa'a ce, ba dabara ba. A 2011 ma wani ɗan jarida na Habasha sai da ya gudu daga ƙasarsa bayan sunansa ya fito a wasiƙun jakadanci. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Saboda haka Manning ta haɗa daidai da kuskure a buhu ɗaya. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne a yanke wa wadda ta nuna hoton shekara 35, alhali ba a gurfanar da kowa ba a kan abin da ke cikin hoton.

WANDA BA SHI DA HUJJA

Akwai kuma wanda ba mu da abin kare shi. Jack Teixeira yaro ne ɗan shekara 21 a lokacin da aka kama shi, ƙaramin sojan sama a jihar Massachusetts ta Amurka, mai gyaran na'urorin sadarwa. Ya riƙa kwasar takardun asiri a kan yaƙin Yukiren, da yawan makamai da motsin runduna, yana nuna wa abokan wasansa a Discord don su san shi ma wani ne. Bai ga wani zalunci da ya hana shi barci ba, bai kai ƙara wurin kowa ba. Aka kama shi ranar 13 ga Afrilu 2023, ya amsa laifinsa, a Nuwamba 2024 aka yanke masa shekara 15. Duk da haka an sami masu yabonsa, don kawai suna adawa da gwamnatin lokacin. Wannan ita ce cutar ɗaya gefen: mutum ya ɗaga duk wanda ya kunyata abokin hamayyarsa, ko da wasa yake yi da rayukan mutane. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

MUDUN AWO

To, idan labari irin wannan ya iso kasuwarku, ga tambayoyi huɗu da muke so kowane ɗan reshe ya yi kafin ya buɗe baki.

1. Me ke cikin takardar? In ta nuna inda sojoji suke, da hanyarsu, da sunan mai kawo musu labari, wanda ya fitar da ita ya ci amana, ko da kyakkyawar niyya ya yi. In kuwa ta nuna kisan zalunci, ko azaba, ko sata, to wanda ya ɓoye ta shi ya fara cin amana.

2. Ya ƙwanƙwasa ƙofar gida tukuna? Kowace runduna tana da masu bincike da alƙalai, ƙasa kuma tana da kotuna. Picquart da Thompson da Darby duk daga nan suka fara. Soja yana da hujjar fita waje ne bayan an rufe masa waɗannan ƙofofi, ko kuwa in mai tsaron ƙofar shi ne mai laifin.

3. Wa ya miƙa wa, me kuma ya karɓa? Wanda ya kai wa alƙali, ko wakilan jama'a, ko ɗan jarida mai tace suna kafin ya buga, dabam yake da wanda ya kai wa ofishin jakadancin wata ƙasa aka cika masa aljihu. Na biyun ɗan leƙen asiri ne, babu gardama.

4. Ya tsince, ko kuwa ya zazzage buhu gaba ɗaya? Mai gaskiya yakan fitar da abin da ke tabbatar da laifi, ya bar sauran a rufe.

Bayan waɗannan akwai abin da ke wuyan hukuma. Ƙasar da ba ta son sojanta ya ruga wurin ƴan jarida, sai ta buɗe masa ƙofar da zai kai ƙara ba tare da an jefa shi bakin iyaka ko an tuɓe masa galan ba. In kuma dole ne a hukunta wanda ya tona, a hukunta wanda ya aikata tare da shi a rana ɗaya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, haka ne. Amma in kullum shi kaɗai ruwan ke doka, gobe ba wanda zai sake yin kuka, ko da gari yana ci da wuta.

A GIDA

Kada wani ya ce wannan duk maganar Nasaru ce. Ranar 10 ga Disamba 2019 mun rasa sojoji 71 a Inates, ranar 9 ga Janairu 2020 mun rasa 89 a Shinagodar. A cikin watannin nan masu binciken rundunarmu da kansu suka duba kwangilolin sayen kayan yaƙi, rahotonsu na farko ya ƙiyasta asarar kimanin miliyar 76 na sefa, ta hanyar ƙarin farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Rahoton ya fita ya isa hannun ƴan jarida a 2020. Ku auna da mudun nan. Tsakanin barin jama'a su ga takardar, da karɓar kuɗin kayan da ba a kawo wa yaran da ke bakin daga ba, wanne ne cin amanar soja?

Sa'an nan mu dubi hannunmu. Asiri na farko, mai tsare rai, yau ba hafsoshi kaɗai ke riƙe da shi ba, yana cikin aljihun kowannenmu. Ɗanka ya kira ka ya ce gobe za su tashi zuwa wuri kaza, kai kuma don murna ko don neman addu'a ka yi saƙon murya a WhatsApp ka tura wa dangi, dangi su tura wa wasu. Wani ya ga ayarin motocin soja ya wuce kasuwa, ya ɗauki hoto ya watsa. Ba ka san kunnen da maganar za ta ƙare a ciki ba. Mutumin da ke zagin Manning da safe, da yamma yana yin abin da ya fi nata haɗari ga ɗan cikinsa.

Saboda haka muna roƙon kowane reshe ya yi abu biyu a taronsa na wannan mako. Na ɗaya, a tattauna tambayoyin nan huɗu, a ɗauki labarin Peteau da na Teixeira a auna su, kowa ya faɗi nasa, tsofaffin sojoji da ke cikinku su fara. Na biyu, a gargaɗi iyaye da matan sojoji da samari masu waya cewa wurin da soja yake da ranar tafiyarsa ba abin hira ba ne. Sakatare ya rubuto mana abin da taro ya tsayar, da gardamar waɗanda ba su yarda da mu ba, za mu buga a fitowa ta gaba.

Allah ya tsare mana ƴaƴanmu da ke bakin daga, ya ba su shugabannin da ba su da abin ɓoyewa. Wassalam.